Garin Gombe: tarihi, jama'a da bishiyoyi

Modibbo Buba Yero ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadin 1804, fadarsa tana Gombe Abba. Sai a 1919 Turawa suka maido da hedikwatar Doma, inda garin yake yau. A 1996 ya zama babban birnin jiha.

Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da 260,000 a ƙaramar hukumar Gombe. Da unguwanni irin su Gabukka da Pantami suka cika, gini ya cinye gonaki da itatuwa, zaizayar ƙasa kuma tana rusa gidaje da damina. Shi ya sa a 2019 gwamnatin jihar ta fara shirin dasa bishiya miliyan ɗaya duk shekara.

'Yan uwa na kudu, in kuna gini a gida, ku bar wa dogonyaro wuri.