Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi: zare

1/ Hutun da ya wuce Umma ta sa ni share ɗakin marigayi Kawu. A ƙarƙashin gado na jawo wani kwalin taliya cike da kaset, fiye da rabi babu rubutu a jiki. Ta ce in kai bola. Ban kai ba. Zaren nan labarin mutumin da na tarar a cikin kwalin ne. Ku yi haƙuri, zai ɗan yi tsawo.

2/ Kwana uku na yi ina neman rediyo mai cin kaset a unguwarmu, sai a wurin wani tsoho mai gyaran agogo na samu. Na saka na farko: murya ɗaya, tsirkiya ɗaya, ba 'yan amshi, ba kalangu. Baban ko ɗago kai bai yi ba ya ce, "Ɗan Maraya ke nan. Yaro, ba ka san shi ba?"

3/ Na san sunan mana. Amma tsakani da Allah ban taɓa zama na ji waƙarsa ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ni da nake aji uku a jami'a, kullum ina cika wa abokai baki da mawaƙan Turai da Amurka masu zaman kansu, daga su sai jita. Ashe namu na nan kwance a ƙarƙashin gadon Kawu.

4/ Kafin mu je kansa, bari mu ɗan koma baya. A da, babban makaɗi a ƙasar Hausa yana da ubangida. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Ɗanƙwairo ma kiɗan fada ya gada. Ubangida ke ba da riga da doki da hatsi, shi kuma makaɗi ya wasa shi, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo.

5/ Kuma makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai 'yan amshi, akwai masu kotso ko taushi, akwai sanƙira. Ko Shata, wanda bai gaji kiɗa ba kuma bai ɗaure kansa a fada ɗaya ba, da tawagarsa ta masu kalangu yake yawo. Tawaga kuwa bakuna ne, kowa da iyali. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne. Ya rasu Adamu na jinjiri, ba a jima ba mahaifiyar ma ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauke shi ya rene shi. Sunan Ɗan Maraya daga nan ya samo asali.

7/ Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Ɗan makaɗin fada, wanda ya tashi a gidan sarki, hanya a share take ya zama makaɗin fada. Sai ya ɓulle ta wani wajen.

8/ Ni a ganina garin ne ya yi aikinsa. Bukuru garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa ke haƙar kuza a tsaunukan Jos, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso yankin a 1914, mutane suka yi ta kwarara daga Kano, Sakkwato, Borno, har da ƙasar Nijar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ma da ƙarfin gwamnati aka riƙa ɗebo mutane aikin tilas.

9/ To ka ga gari ne na baƙi: lebura, direba, mai abinci, ɗan garuwa, ɗan dako. Mutanen da suka baro garuruwansu da sarakunansu, ba su da kirarin zuriya da za a yi musu a nan. Amma suna da 'yan kuɗin sati a aljihu, kuma suna da kunne.

10/ Yana yaro ya je Maiduguri, ya ga masu kiɗa da wani ɗan ƙaramin abu, ya dawo ya haɗa nasa. Kuntigi ke nan: gwangwanin kifin sadin, a rufe bakinsa da fatar akuya, a soka ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya. Shi ke nan fa. Yana shiga aljihun babbar riga.

11/ Yanzu mu dawo kan maganar tawaga. Mai ciyar da mutum goma dole ya nemi ƙofar mai doki ko mai mota. Wanda daga shi sai gwangwani, ko sisi-sisi aka tara masa a tasha ya ci abinci. Wannan lissafina ne, ba a littafi na gani ba, amma ina ganin ƙanƙantar kuntigi ce ta ba shi damar zaɓen wanda zai yi wa waƙa.

12/ Wa ya zaɓa? Karen mota. Yaron nan da ke maƙale a bayan babbar mota, shi ne lodi, shi ne saka waigi a hawa, shi ne kwana a ƙarƙashin mota don gadi. Sunan kansa ma zagi ne. Ɗan Maraya ya ɗauki salon da ake wasa manya da shi ya ɗora a kan wannan yaro, ya lissafa wahalarsa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ake lissafa yaƙoƙin sarki.

13/ A nan na tsayar da kaset ɗin. Kawu ya yi shekaru yana yaron mota a hanyar Jos kafin ya samu tuƙi. A gida ba a son tada zancen, ana ganin abin kunya ne. Wannan kaset ɗin shi ya fi kowanne gogewa a cikin kwalin, har an ɗinke zarensa da salatif wuri biyu. Ban taɓa tambayarsa komai game da shekarun nan ba. Yanzu kuma babu dama.

14/ Wani abin da rashin 'yan amshi ya jawo: dole shi kaɗai ya zama kowa. A waƙoƙinsa na zamantakewa, irin su Jawabin Aure da Gulma Wuya, zai yi maganar miji, ya juya ya yi ta mata, ya yi ta magulmaci, kamar wasan kwaikwayo na mutum ɗaya. Ya kuma yi Auren Dole, a zamanin da ba kowa ke iya buɗe baki a kan wannan ba.

15/ Sai rediyo. An buɗe Rediyon Kaduna a 1962, ga faifan garmaho, daga baya ga kaset. Mawaƙi ya samu hanyar shiga gidajen da bai taɓa takawa ba, ba tare da wani hakimi ya gayyace shi ba. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙin ƙarfafa gwiwa, sunansa ya ƙara bazuwa.

16/ Kada wani ya zo ƙasan zaren nan ya ce na mai da shi waliyyi. Ya yi wa manya da masu kuɗi waƙa shi ma, ya hau dandamalin gwamnatoci, ya karɓi lambar girma ta ƙasa. Sana'a ce, da ita yake ci. Abin da nake cewa kawai, ya buɗe wa talaka ƙofar da a da ba tasa ba ce.

17/ Kuma ba shi kaɗai ba ne a wajen fada. Akwai Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, akwai Garba Supa da Hassan Wayam a kukuma, akwai Barmani Choge ta Funtuwa da kiɗan ƙwarya, wadda ta yi wa matan cikin gida abin da ya yi wa 'yan tasha. Wanda ke son zurfafawa ya nemi Makaɗa da Mawaƙan Hausa na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau.

18/ Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya ranar 20 ga Yuni 2015 a Jos. Lokacin ina firamare, ban ma san an yi ba.

19/ Ga abin da ke damuna. Na je wurin masu tura waƙa a kasuwa, akwai shi a kwamfutarsu, amma an yanke kan wasu waƙoƙin, wasu an sa musu sunan da ba nasu ba, ba shekara, ba komai. Guda biyu daga cikin na Kawu ban same su a wurinsu ba, ban same su a YouTube ba. Kuma zaren kaset ɗin ya fara mannewa.

20/ Baba mai agogo ya ce in kawo su ranar Asabar mu gwada juye su a waya kafin rediyon tasa ta cinye wani. Idan akwai kaset ko faifan Ɗan Maraya a gidanku, musamman mai kwali da rubutu, don Allah kada a kai bola. Ɗauki hoton gaba da baya ka ajiye mini a ƙasan nan, ina haɗa jerin sunayen waƙoƙin.