Yadda Antoni Janar Ya Bar Zauren Majalisa

Tun watan Yunin 2023 ɗan Kwarbai a Zariya ne, Iyan Zazzau Tajuddin Abbas, ke shugabantar Majalisar Wakilai a Abuja. Sai dai a zauren nan babu kujerar Antoni Janar na Tarayya. In 'yan majalisa suna son jin ta bakinsa, sai sun aika masa takardar gayyata. A da kuwa ba haka abin yake ba.

A zamanin Jihar Arewa, lokacin da majalisa ke zama a Lugard Hall a Kaduna, Antoni Janar, babban lauyan gwamnati, yana cikin zaure, muƙaminsa ne ya ba shi kujera ba ƙuri'a ba. Baturen Ingila Hedley Marshall ya riƙe wannan aiki daga 1954 zuwa 1962. Salon majalisar Ingila aka gado: mai kawo doka shi zai miƙe ya kare ta, a yi masa tambaya ido da ido, ya amsa nan take.

An ga nauyin wannan kujera gab da samun 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, ya duba yadda kotunan Arewa ke hukunta laifuka. Daga shawararsa aka tsara dokar Final Kod, aka zartar da ita a 1959, ta fara aiki a 1960. Doka ce da ta shiga hurumin alƙalai da sarakuna kai tsaye, don haka sai da aka bi ta sashe-sashe da malamai, aka kuma kare ta a gaban wakilan jama'a. Zazzagawa sun ga abin da idonsu, domin a Kongo, nan bayan ganuwar Zariya, aka riƙa tara alƙalai ana koya musu sabon kundin.

Juyin mulkin 1966 ya rufe majalisu. Da farar hula suka dawo a 1979, tsarin Amurka aka ɗauko, aka raba masu yin doka da masu zartarwa. Kundin 1999 ya bi sawu: ɗan majalisar da aka naɗa minista ya bar kujerarsa ke nan, sashe na 67 kuma ya ce minista zai halarci majalisa ne idan an gayyace shi. Haka sashe na 108 ya tanada ga kwamishinonin jiha.

A ganina an yi asara a nan. Sashe na 174 ya ba Antoni Janar ikon karɓe ƙarar laifin da hukuma ta shigar, ko ya dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Mai irin wannan iko ya kamata a ce akwai ranar da aka keɓe masa a zaure, yadda wakilin Zariya ko na kowace mazaɓa zai tambaye shi dalilin janye wata shari'a, jama'a suna sauraro. Yanzu sai dai kwamiti ya rubuta masa wasiƙa, a sa rana, wani lokacin ma wakili za a turo.