Daga Ina Rabe-raben Jimlar Turanci Suka Fito?

Duk wanda ya zauna ajin Turanci ya haddace cewa jimla iri huɗu ce: ta bayani, ta tambaya, ta umarni da ta motsin rai. Malami kan zayyana su a allo kamar tare da harshen aka halicce su. Alhali tushen rabon ya girmi Turancin kansa.

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Protagoras na ƙasar Girka ya kasa magana gida huɗu: roƙo, tambaya, amsa da umarni. Aristotle ya zo ya ware jimlar bayani, domin ita kaɗai ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Mai addu'a ba a ce masa ya yi ƙarya. Almajirin da ya karanci balaga zai tuna da habari da insha'i, don ma'aunin ɗaya ne.

Ta hanyar Latin wannan tunani ya shiga Ingila. William Bullokar, wanda ya buga nahawun Turanci na farko a 1586, a kan tsarin Latin ya ɗora shi. A 1762 Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya kawo iri uku kawai: bayani, tambaya da umarni. Lindley Murray, Ba'amurke mazaunin York, ya kwashi rabon nan cikin littafinsa na 1795 da ya rubuta wa wata makarantar 'yan mata, littafin kuwa ya cika makarantun Ingila da Amurka. Jimlar motsin rai sai daga baya ta samu kujera, kuma har yau ita ce mai raunin hujja.

Wani rabon kuma, na jimla sassauƙa da harɗaɗɗiya da sarƙaƙƙiya, ya fi ƙuruciya. Lowth da Murray biyun farko suka sani. Ware sarƙaƙƙiya, mai ɗauke da ganga dogarau, aikin ƙarni na 19 ne, daga Bajamushe Karl Ferdinand Becker, wanda John Daniel Morell, sufeton makarantu, ya yaɗa tsarinsa a Ingila cikin shekarun 1850.

Rabon farkon nan na iri huɗu bai taɓa zama daram ba. Baturen da ya tambaye ka ko za ka iya rufe ƙofa ba amsa yake jira ba, tashi yake so ka yi. Shi ya sa masu nahawun zamani suke duban siffar jimla daban, aikin da take yi a bakin mai magana daban.