Takardar Hoton Baƙi da Fari: Yadda Ake Haska Ta da Wanke Ta a Ɗakin Duhu

Takardar hoton baƙi da fari takarda ce da ake shafa wa fuskarta jelatin haɗe da ƙananan ƙwayoyin gishirin azurfa masu jin haske. A kanta ake fitar da hoto daga fim ɗin da aka riga aka wanke, wanda masu sana'ar ke kira nagatif. Ana yin aikin a ɗakin duhu, inda ake haska takardar, a tsoma ta cikin ruwan sinadarai guda uku a jere, sannan a ɗauraye ta a busar. Hoton da aka bi ƙa'ida wajen wanke shi kan haura shekara 100 bai dushe ba, wanda kuwa aka yi wa gaggawa kan fara rinewa cikin 'yan shekaru. Bambancin yana faruwa ne a matakai biyu na ƙarshe, wato kafe hoton da ɗauraye shi, waɗanda ido ba ya ganin tasirinsu a ranar da aka yi su.

Asalinta

A shekarar 1819 masanin kimiyya na Ingila John Herschel ya gano cewa sinadarin da ake kira haipo yana narkar da gishirin azurfa, kuma wannan ne ya ba da damar a hana hoto ci gaba da yin baƙi bayan an fito da shi haske. A 1871 likita Richard Leach Maddox ya bayyana hanyar riƙe gishirin azurfar cikin jelatin, a 1879 kuma Joseph Swan ya yi rajistar takardar buromaid, mai saurin jin haske, wadda ta dace da faɗaɗa hoto. Kamfanin Ilford ya fito da takardar Multigrade a 1940. Da kyamarar dijital ta mamaye kasuwa, Kodak ya daina yin takardar baƙi da fari a 2005, amma har yanzu ana yin ta a Ingila ƙarƙashin sunan Ilford, da kuma Jamhuriyar Cek, inda kamfanin Foma yake.

A Nijeriya, wani sashe mai yawa na tarihin ƙarni na 20 yana kan wannan takarda. Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Benin, ya buɗe shagonsa a birnin a 1942. J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin matan Nijeriya a 1968, ya tara kimanin 1,000. Haka ma hotunan aure, na makaranta da na fasfon aikin Hajji da ke cikin akwatunan gidaje.

Ire-irenta

Ta fuskar jiki, takardar iri biyu ce. Akwai mai zare, wadda takarda ce zalla da aka shimfiɗa wa farin sinadarin barita kafin a shafa jelatin. Tana shan ruwa da sinadari, saboda haka wankinta na cin lokaci, amma ita gidajen tarihi suka fi so saboda daɗewarta. Akwai kuma mai rufin roba, wadda aka lulluɓe gaba da baya da siririyar roba. Ruwa ba ya ratsa ta, tana saurin wankuwa da bushewa, kuma ita ta fi dacewa da mai koyo.

Ta fuskar kaifi, wato tazarar da ke tsakanin baƙi da fari a hoto, ana jera takardu daga mataki na 0 zuwa na 5. Ƙananan lambobi na ba da hoto mai laushi da yalwar launin toka, manya kuma na ba da baƙi ƙirin da fari tas. Nagatif na yau da kullum yakan dace da mataki na 2 ko na 3. Takarda irin ta Multigrade na ba da dukkan matakan daga kwali guda, ta hanyar matatar haske: mai ruwan ɗorawa na tausasa hoto, mai launin ja-shunayya kuma na ƙara masa kaifi.

Haskawa

Takardar na jin shuɗi da koren haske, amma kusan ba ta jin ja, shi ya sa ake aiki ƙarƙashin jar fitila mara ƙarfi da aka rataye aƙalla mita ɗaya daga teburi. Ana gwada amincin fitilar ta hanyar ɗora kwabo a kan guntun takardar da aka ɗan haska, a bar shi wasu mintoci, sannan a wanke. Idan siffar kwabon ta bayyana, fitilar na ɓata takarda.

Ana sa nagatif cikin na'urar faɗaɗa hoto, wadda ke jefa surarsa a kan allon da ke ƙasa. A daidaita girma da kyawun gani, a rage ƙofar hasken madubin da mataki biyu, sannan a yi gwaji. Ana ɗaukar ƙyallen takarda a haska shi sashe-sashe, misali daƙiƙa 2, 4, 6, 8 da 10, a wanke, a duba a farin haske, a zaɓi lokacin da ya fi kyau. Ƙa'idar ita ce, yawan haske na ƙara wa takarda baƙi. Saboda haka mai aikin kan kare wani ɓangare da hannu ko guntun kwali don ya yi haske, ko ya ƙara wa wani ɓangaren lokaci don ya yi duhu.

Tire uku

Bayan haskawa takardar na nan fara, domin hoton a ɓoye yake. Tire na farko na ɗauke da ruwan fito da hoto, wanda ke mayar da gishirin da haske ya taɓa zuwa baƙar azurfa. A zafin digiri 20 na Salsiyas, mai rufin roba na buƙatar kimanin minti 1, mai zare kuma minti 2 zuwa 3, ana jijjiga tiren a hankali. Cire takarda kafin lokaci don gudun ta yi duhu kuskure ne sananne, domin yana haifar da baƙi mai dabbare-dabbare. A lokacin zafi ruwan famfo kan zarce digiri 20 da nisa, sinadarin ya yi aiki da gaggawa. Maganin wannan shi ne a ajiye tiren cikin babban faranti mai ruwan ƙanƙara.

Tire na biyu ruwan tsayarwa ne, asid mai rauni irin na binega ko na lemun tsami. Daƙiƙa 10 zuwa 30 sun isa ya dakatar da aikin ruwan farko, ya kuma kare ruwa na uku daga gurɓata.

Tire na uku ruwan kafewa ne, wanda ke narkar da ragowar gishirin azurfar da haske bai taɓa ba. Da sabon haɗi mai ƙarfi, daƙiƙa 30 sun ishi mai rufin roba, minti 1 kuma mai zare. Ruwan da ya gaji da aiki yakan bar sauran gishiri a jikin takarda, wanda daga baya zai zama tabo mai ruwan ƙasa. Daɗewa a ciki fiye da kima kuma na cinye sassan hoton masu haske, ya cusa sinadari cikin zaren takarda. Don haka ƙwararru kan yi amfani da tiren kafewa biyu, na biyun sabon haɗi.

Ɗauraya da busarwa

Ruwan kafewa na ƙunshe da sinadarin farar wuta. Idan ya saura a takarda, a hankali zai haɗu da azurfar, hoton ya koma ruwan ɗorawa ya dushe. Mai rufin roba na buƙatar minti 2 cikin ruwa mai gudana, kuma ba a so ta wuce minti 15 a jiƙe, domin ruwa zai shiga ta gefuna. Mai zare na buƙatar kusan awa guda. Inda ruwa ke da tsada, ana ɗauraye ta minti 5, a jiƙa ta minti 10 cikin sinadarin taimakon wanki, a sake ɗauraya minti 5. Wasu kan ƙara rina hoton da seleniyam ko rinin ruwan ƙasa, wanda ke sa azurfar ta ƙara jure gurɓatacciyar iska. Ana shanya mai rufin roba a igiya, mai zare kuma a kan raga, daga baya a danne ta don ta miƙe. A lokacin hunturu sai a rufe tagogi, domin ƙura na mannewa a jiƙaƙƙen jelatin.

Kariya da adanawa

Wasu sinadaran tire na farko kan jawo ƙaiƙayi da ƙurajen fata, seleniyam kuma guba ne. Ana bukatar safar hannu, awartakin roba daban ga kowane tire, da hanyar shigar iska. Ba a zuba sinadari cikin kwalbar abin sha. Tsohon ruwan kafewa na ɗauke da narkakkiyar azurfa mai cutar da halittun ruwa, don haka ba a zubar da shi a kwata sai an tace azurfar.

Zafi, laima da hayaƙi su ne manyan abokan gabar hoton da aka gama. A ajiye shi wuri mai sanyi da bushewa, nesa da ɗakin girki da hayaƙin janareta, cikin ambulan marar asid. A yi rubutu a bayansa da fensir, kada a manna masa salatif ko a lulluɓe shi da ledar laminatin. Hoton da ya manne da gilashin firam ba a ɓamɓare shi da ƙarfi. A fara ɗaukar kwafinsa da kyamara, sannan a kai shi ga masanin adana kayan tarihi.