Tsibirin da ba ruwa ya kewaye shi ba: yadda wutar sola ta shigo Paraku da Zugu



A sanin kowa, tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye. Amma ma'aikatan lantarki suna da nasu tsibirin, wato garin da babbar waya ba ta haɗa shi da sauran ƙasa ba, sai dai ya kunna injinsa shi kaɗai. Mu mutanen Ganou a Paraku, da 'yan'uwanmu na Zugu (wadda ake rubutawa Djougou), mun daɗe a cikin irin wannan tsibiri. Abin mamaki kuwa, hanya ce ta raya garuruwan nan. Ta nan ayarin fatake yake bi daga Kano zuwa Gwanja, a tafi da kanwa da tufafi, a komo da goro. Jirgin ƙasa ma ya iso Paraku tun zamanin Faransa. Wuta ce kaɗai ta yi mana nawa.

A shekarar 1968 Dahomey da Togo suka kafa hukumar CEB domin sayen wuta daga madatsar ruwan Akosombo ta Gana. A 1987 aka ƙara madatsar Nangbeto a kan kogin Mono. Duka wannan wuta kudu ta fara amfana. Arewa kuwa sai injinan dizal, man da suke sha kuma daga Kwatano ake ɗauko shi, tafiyar fiye da kilomita 400. Su ma na kudun ba su tsira ba, domin da fari ya rage ruwan Akosombo a 1998, Kwatano ta yi watanni tana fama da duhu. Sai a shekarun 2000 layin da ya biyo ta Kara a Togo ya haɗa Zugu da Paraku da babbar waya. Birane sun samu, ƙauyuka da yawa suka ci gaba da fitilar ƙwai da kananzir.

Wanda ya duba tarihin sola a duniya zai ga ta fi saurin kama ƙasa a inda mai yake zuwa daga nesa. Misali shi ne Tokelau, ƙananan tsibirai uku a tekun Fasifik, masu mutane kimanin 1,500. Dizal ɗinsu a jirgin ruwa yake zuwa. A 2012, da taimakon ƙasar Niyu Zilan, suka kafa farantan sola fiye da 4,000, har kusan duk wutarsu ta koma ta rana. Su jirgi suke jira, mu tanka muke jira. Ciwon ɗaya ne.

A Borgu, gwajin da ya fi yin suna a lambu aka yi shi. Dakta Mamoudou Setamou, ɗan Kalale mai koyar da ilimin noma a Amurka, shi ya nemi wata ƙungiya mai suna SELF ta taimaki yankinsu, wanda ba shi da wutar gwamnati a lokacin. A 2007 aka fara da ƙauyuka biyu, Bessassi da Dunkassa. Faranti yana juya famfo, famfo yana ɗaga ruwa zuwa babbar ma'ajiya, ruwan kuma ya bi siraran bututu yana ɗiga a gindin kowane tsiro. Hikimar da ke ciki ita ce babu batir ko ɗaya. Ranar da rana ta ƙwalle, shuka ta fi jin ƙishi, a ranar ce kuma famfo ya fi jan ruwa. Ƙungiyoyin mata ne suka riƙe lambunan. Binciken da masana daga jami'ar Stanford suka wallafa a 2010 ya nuna kowane lambu mai rabin hekta yana ba da kusan tan 2 na tumatir da kuɓewa da barkono da sauran kayan miya a wata, har cikin rani. A ganinmu, wannan ne ya fara nuna wa talaka cewa faranti na iya ciyar da gida.

Sauran aikin kasuwa ce ta yi shi. Wayar hannu ta shiga kowane ƙauye, ita kuwa sai da caji. Farashin farantan Sin ya faɗi, ƙananan fitilu masu caji da rana suka cika tebura. Masallatai suka sa batir domin lasifikar kiran salla, makarantun allo da dama suka daina hura wutar kara don karatun dare. Sai ga 29 ga Mayu 2023, Nijeriya ta janye tallafin fetur, farashin kpayo, fetur ɗin kwalba na bakin titi, ya yi tashin gwauron zabi. Mai janareto ya fara lissafi.

Gwamnati daga baya ta biyo sahu. A 2015 Benin da hukumar MCC ta Amurka suka sa hannu kan tallafin dala miliyan 375 na gyaran lantarki, aka kuma tsara tashoshin sola huɗu masu jimillar megawat 50 a Bohicon da Paraku da Zugu da Natitingou. Amma babbar tashar farko da aka buɗe, ta Illoulofin mai megawat 25, a yankin Pobe take, can kudu, a 2022. Rana ta fi ƙarfi a wajenmu, ba mu kuma ce wani ya yi mugunta ba, sai dai mun lura.

Abin da ya fi damun dattawanmu yanzu shi ne gyara. Faranti mai kyau yana haura shekara 20, batirin gubar da yawancin gidaje suke saye kuwa 'yan shekaru kaɗan yake yi, zafi ma yana rage masa kwana. Ƙurar hunturu tana rufe gilashi, wuta ta ragu, mai gida ya ɗauka an cuce shi, alhali ruwa da tsumma kawai ake bukata. Akwai kuma jabun kaya, waɗanda ƙarfin da aka rubuta a bayansu ya fi wanda suke bayarwa. Matattun batura ana fasa su a bayan gida, dalmar cikinsu kuwa guba ce ga yara. Shi ya sa idan aka kawo maganar sa wa masallaci ko rijiyar unguwa sola, tambayar farko da dattawa suke yi ita ce: wane yaro ne a cikinmu zai koyi aikin, kuma a hannun wa kuɗin sabon batir za su zauna?