Wake ko tuwo: abincin da ya fi dacewa da mace mai teɓa, hawan jini da suga

Akwai matsalolin da sukan zo wa mace a tare, likitoci na kiransu metabolik sindirom. Ba ciwo ɗaya ba ne, alamomi biyar ne, in uku sun haɗu a jikinki to kina cikin haɗarin ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Alamomin

- Faɗin ƙugu ya kai santimita 88 (wasu ma'aunan sun tsaya a 80).
- Hawan jini ya kai 130/85.
- Sugan jini kafin karin kumallo ya kai 100 mg/dL.
- Kitsen jini, wato tiragilisarayid, ya kai 150 mg/dL.
- Kolestarol mai amfani ya gaza 50 mg/dL.

Ta farko da tef ɗin tela za ki auna, daidai cibiya. Sauran sai a asibiti.

Furotin ko sitaci?

Abincin gidan manomi yawanci sitaci ne: koko da safe, fura da rana, tuwo da dare. Idan aka rage yawan abinci aka haɗa da motsa jiki, nauyi na sauka ko mace ta fi cin sitaci ko ta fi cin furotin. Sai dai furotin na da ɗan fifiko. Yana riƙe ciki, yunwa ba ta saurin dawowa. Yana kuma kare tsoka, ta yadda kitse ne zai fi zubewa. Rage sitaci da suga kuwa na taimakawa wajen sauke kitsen jini.

Ba a ce ki bar tuwo ba. Malmala biyu ta koma ɗaya, gurbin ɗayar wake da ganye su cike.

Abin da ke rumbunku

A kowane giram 100 na busasshen abinci, furotin kusan haka yake:

- Waken soya: giram 36
- Gyaɗa: giram 25
- Wake: giram 23
- Gero: giram 11
- Masara: giram 9
- Shinkafa: giram 7

Rogo shi ne na ƙarshe, kusan duk sitaci ne. Ƙwai ɗaya na da giram 6. Kenan ba sai da nama kullum ba. Alale, awara, nono marar suga, busasshen kifi da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli sun isa. In garau-garau ne, waken ya rinjayi shinkafar. Ƙosai da soyayyar awara na shan mai, gyaɗa ma akwai mai, a ci kaɗan. Lemon kwalba da suga a fura ko kunu, a rage sosai. Gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kamar ƙaramin cokali ɗaya, har da na ɗanɗanon miya.

Motsa jiki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Daka, surfe, jan ruwa da tafiya da sauri duk suna ciki, muddin numfashi ya ƙaru. Da rani ne aka fi zama, nan za ki fi kula. Ko zagaya tsakar gida ya wadatar. Mai kilo 80 in ta sauke 4 zuwa 8, sau da yawa jini da suga kan sassauta.

Hattara

Mai ciwon ƙoda kada ta ƙara furotin sai da izinin likita. Mai juna biyu ba ta rage ƙiba. In kina shan maganin suga, ki sanar da likita kafin ki rage tuwo, kada sugan ya faɗi. Kuma kada ki bar maganin hawan jini don kin canza abinci.

Ga ƙungiyoyi

Da kaka, kafin a kai wake da soya kasuwa, a ware na gida wanda zai kai wata kakar, a zuba a buhun PICS saboda ƙwari. Ƙungiya na iya sayen na'urar awon jini ɗaya, a riƙa auna mata ranar taro, wadda nata ya hau a tura ta asibiti.