Tashi da iyali da dabbobi kafin hadari ya iso: bayani ga mutanen Dakoro

Idan talabijin ta nuna mahaukaciyar guguwar teku tana rushe gidaje a Amurka, akwai masu saurarenmu da ke tambaya ko irinta na iya zuwa Dakoro. To jama'a, ba ta zuwa. Wannan guguwa a kan teku mai ɗumi take samun ƙarfi, mu kuwa tsakaninmu da teku akwai kusan kilomita dubu. Sai dai muna da ɗan zumunci da ita, don da yawa daga cikin guguwoyin da ke faɗa wa Amurka, asalinsu iskar damina ce da ta ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, ta faɗa tekun Atlantika ta girma.

Tamu matsalar ita ce hadarin gabas mai iska da ƙura, da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da ambaliyar da ke biyo baya. Mutanen Amurka ana ba su gargaɗin kwana biyu ko uku. Mu galibi sa'a ɗaya ce ko biyu, wani lokaci ma cikin dare. Shi ya sa a nan shawarar inda za a kai iyali da bisashe tun kafin damina ta kankama ake yanke ta. Wanda ya bari sai gabas ta yi baƙi, ya makara.

Abin da muka gani a 2024

Daminar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya da rabi, ta tafi da dubban dabbobi, kuma jahar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ranar Juma'a 30 ga Agusta, ruwan da ya kai milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, mutum 15 aƙalla suka rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya rushe. Har buɗe lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun zama masaukin waɗanda suka rasa gidaje.

Abu biyu ne suka fi kisa: faɗuwar ginin ƙasa a kan mutane, da nutsewa a ruwa.

Yaushe ake barin ɗaki?

Ginin ƙasa ba ya faɗuwa da ruwan farko. Shan ruwa yake yi a hankali daga gindi, kwana biyu, kwana uku, sannan ya zube, sau da yawa bayan ruwan ya ɗauke mutane sun koma barci. Idan gindin bango ya jiƙe har yatsa na shiga, ko tsaga ta fito a kusurwa, ko ƙofa ta fara cijewa, ko azara na ƙara, a fitar da yara da tsofaffi a daren nan. Kada a ce sai da safe.

Ina za a je? Gidan dangi mai ginin siminti a kan tudu, ko masallaci, ko lakwal idan mai gari da daraktan lakwal sun yarda. Wannan magana ce da ake yi tun watan Yuni, a san wane gida zai sauka wajen wa. Mun sani akwai kunya a ciki, magidanci ba ya son a ga ya kwashe iyalinsa zuwa gidan wani. Amma idan dukan unguwa ta yi wannan shiri tare a gaban mai gari, babu wanda za a nuna da yatsa.

A tsarin tafiya, mai ciki da mai jego da tsohon da ba ya iya sauri su ne na farko a amalanke. Kowane ƙaramin yaro a ba shi babban da zai riƙe hannunsa, a faɗi sunansa kowa ya ji, don a cikin duhu da ruɗani kowa zato yake yaron na wajen wani. Takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin awo da na rigakafi, takardar gona, duk a naɗe su cikin leda biyu a sa a jaka ɗaya da ke rataye kusa da ƙofa, tare da tocila da salula mai caji da maganin da wani ke sha kullum. Irin shuka da hatsin da aka sussuke a ɗora su bisa wani abu mai tsayi.

Maganar bisashe

Nan ne abin ya fi wuya, kuma nan ne mutane ke rasa rai. Dabba a wajenmu ita ce ajiya, ita ce sadakin ɗa, ita ce kuɗin likita. Mutum ya fitar da iyalinsa lafiya, sai ya ji kukan awaki ya koma, bango ya same shi. Ba mu kaɗai ba ne da wannan hali: lokacin guguwar Katrina a 2005, mutane da yawa a kudancin Amurka sun ƙi tashi saboda an hana su tafiya da karnukansu da kyanwowinsu, har a 2006 aka yi doka cewa shirin kwashe jama'a ya haɗa da dabbobin gida. Idan haka ne a kan kare, ina ga wanda saniyar tatsarsa ke ɗaure?

Don haka dabbobi su riga mutane tashi. Idan turke na cikin kwari, ko jikin katangar ƙasa, ko a hanyar ruwa, a maida shi tudu tun da rana. Idan lokaci ya ƙure ba a samu haka ba, a kwance igiya kawai a buɗe ƙofa. Dabbar da ke sake takan nemi tudu da kanta, wadda ke ɗaure kuwa a turkenta take mutuwa. Kaji da zabi a rufe su a kwando tun da magariba, don ba a kama su cikin ruwa. Raƙumi ba ya jure santsi, yana iya zamewa ya karye, a bi da shi ta rairayi.

Makiyayan kwarin Tarka da na wajen Bermo da Gadabeji sun san wani haɗarin da na cikin gari ba su cika lura da shi ba. Dabbar da ta sha wuyar bazara ta rame, ruwan farko mai sanyi da iska yana kayar da ita ta kasa tashi. Haka aka gani a 2010, bayan farin da ya cinye ciyawa: garken da suka jure yunwa wata da watanni, da yawa a farkon ruwa suka zube. Ramammu da ƴan maruƙa su ne za a ware a kai inda akwai kariya daga iska, a ajiye musu ɗan dusa ko harawa. Kada a kwana da garke a tsakiyar kwari don ciyawarsa ta fi kyau, ruwan da aka yi a nesa yana iya zuwa alhali a kanku ko ɗigo bai sauka ba. Kuma kada a fake da garke a gindin doguwar itaciya tilo, nan tsawa ta fi faɗawa.

Akwai kuma maganar gonaki. Da damina ko'ina shuka ce, wanda ya kora shanu cikin gaggawa ya bi ta gonar gero ya tsira daga ruwa ya faɗa rigima. A bi burtali. Inda tudun da za a kai dabbobi na wani ne, a nemi izini tun da wuri ta hannun mai gari da arɗo da kwamitin kula da filaye na ƙauye.

Ƙetare ruwa mai gudu kuwa, a kori ko a gulbin Kaba, ko ruwan bai kai gwiwa ba yana iya kayar da babba. Amalanke da jaki sun fi saurin juyewa. A jira ya janye, ko da kwana za a yi a ƙetare.

Daga ina gargaɗi ke zuwa?

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa tana fitar da sanarwa, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuma tana cikin masu bayyana hasashen damina tun kafin ta sauka. Abin da ya iso mu muna karanta muku. A ƙauyukan da ke da kwamitin gargaɗin gaggawa, wato SCAP/RU, su ne ke kai rahoto ga ma'aikatar magajin gari. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce.

Amma gargaɗin da ya fi sauri shi ne na ɗan uwa. Tunda hadarinmu daga gabas yake zuwa, wanda ke Belbeji ko Tanut yana ganinsa kafin mu. Kira ɗaya daga can ya isa a kwance dabbobi a fitar da tsofaffi.

Ga ƴan uwa na waje

Ku da ke Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Kwaddibuwa, kuɗin da kuka turo a Mayu ko Yuni shi ke sayen leda da tamfol, a yi yaɓe, a gyara indararo, a haƙa wa ruwa hanya. Idan kun kira gida, ku tambayi inda Inna za ta kwana idan ɗakinta ya jiƙe, da wanda zai ɗauke ta. Saƙon murya na WhatsApp mai cewa wata babbar guguwa na tafe, ku tabbatar da shi kafin ku tura, don tsoffin bidiyoyin wasu ƙasashe suna yawo kowace damina.

Bayan ruwa ya janye, kada a yi saurin komawa ɗakin da ya sha ruwa sai bangon ya bushe an duba shi. Ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga a tafasa shi kafin a sha. Mushen dabba a binne shi nesa da rijiya da tafki, a kuma sanar da ma'aikacin kiwo da mai gari yawan abin da aka rasa, don da wannan lissafi ake rubuta sunayen masu samun taimako.